Gayyar Mainasara da Katafila

Ku matso kusa ku gyara zama, ga wata nan tafe. Wannan ba a zamanin kaka da kakanni aka yi ta ba. A bakin ruwan Tiga aka yi ta, kuma waɗanda laka ta ɓata wa riga a ranar suna nan da ransu.

Akwai wani ƙauyen masunta da ake kira Sabon Gurbi. Mutanensa 'yan wani tsohon gari ne da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, aka tashe su aka maido su kan tudu. Kwata ɗaya gare su, wani gangaren siminti da ake tura kwale-kwale ta kansa zuwa ruwa. Kowace shekara ruwa yakan jibge laka a kanta. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai lakar ta bayyana, samanta a bushe kamar ƙanzo, ƙasanta kuwa kamar kunun kanwa. Sai a kira gayya kafin ruwan farko, maza da shebur da kwanduna, mata da tukwanen dambu.

Amma kafin kowa ya taka, Sarkin Ruwa Abdussalami ne yake fara shiga da doguwar gwangwala, yana zungurar ƙasa yana kakkafa karan dawa. Tsakanin kara da kara a yi aiki. Bayan kara kuwa, ko akuya ba a bari ta bi.

A shekarar da muke magana, Sarkin Ruwa ya kafa karansa ranar Alhamis, ya fito yana dafe da gwiwa. Bayan la'asar ya tara jama'a gindin darbejiya ya ce, "To, gwiwa ta ce ta gaji. Jibi Asabar in an tashi daga gayya zan naɗa Wakilin Kwata, wanda zai riƙe mini gwangwalar nan. Zan dubi aikin kowa."

Mutane suka saci kallon Labaran, don ba wanda ya kai shi sanin ruwa. Amma wanda ya yi gyaran murya Mainasara ne.

Shi Mainasara shekara uku ya yi a Abuja wajen wani kamfanin gina hanya, ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa, da riga mai ƙyalli, da baki. Hular nan ba ya cire ta sai zai yi alwala. Ko kunu aka miƙo masa sai ya ce a Abuja ba haka ake dama shi ba. Sau biyu yana kifar da kwale-kwale a ruwan da bai kai ƙugu ba, duk biyun kuma ya ce masassaƙin ne bai bi ƙa'ida ba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "wai har yanzu kwando? Duniya ta yi nisa, mu muna nan muna jidar taɓo a ka kamar gara? Ni kaɗai, kafin shayi ya huce, sai in share kwatar nan har a zauna a ci tuwo a kanta. A lokacin sai a ga wanda gwangwala ta dace da shi."

Labaran ɗan kawunsa ne, abokin wasansa. Ya ce, "Da baki za ka kwashe? In da baki ne ai har dam ɗin ma ka isa ka ƙafar."

"Kai da iyakacin tafiyarka Kwanar Dangora, me ka sani?"

"Na san hanyar dawowa gida a bushe."

Aka yi dariya. Sarkin Ruwa ya murmusa ya ce, "Allah ya kai mu Asabar."

Abin da ya sa Mainasara wannan kuri shi ne, kwana biyu ke nan wata katafila mai dogon hannu da ƙaton bokiti tana ajiye a filin bayan gari. Ta wani ɗan kwangila ce mai gyaran hanyar Ba'awa, direbanta kuwa Muhuyi ne, ƙanin Barakatu matar Mainasara. Muhuyi ya tafi Tudun Wada sunan ɗan abokinsa, ya bar makulli a hannun yayarsa.

Da safiyar Juma'a Mainasara ya same ta tana tankaɗe.

"Barakatu, ina makullin nan na Muhuyi?"

"Yana inda ya ajiye shi. Amana ce, Baban Hanan."

"Amana wajen wa? Ni fa na koya wa yaron nan tuƙi."

"Kai ɗin? Keken ɗinkina da ka ce za ka sa wa mai, sati biyu yana ɗinki da baya."

"Wancan ƙaramin inji ne. Hannuna bai saba da ƙananan abubuwa ba."

Ta ƙi. Shi kuma ya yi kamar ya haƙura, ya bari sai da ta fita kai niƙa, ya bi kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, har ɗaya ya yi ƙara.

An sauko daga Juma'a ke nan, jama'a na tafe cikin fararen kaya, sai suka ji ruri daga bayan gari. Can sai ga katafila ta ɓullo tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, ta yi gabas kaɗan, ta yi yamma kaɗan, ta taka dangar wani ta wuce. A ciki ga Mainasara da hular kwano, yana washe baki. Gari kaf ya bi shi zuwa kwata.

"Kamfani ne ya ba ni aro don girmamawa!" ya ƙwala musu ta taga. "Ku ja baya, wannan ba aikin yara ba ne!"

Da ya hango Sarkin Ruwa zaune a kan kujerarsa, sai ya ga ya kamata ya yi masa jinjina da hannun katafila. Ya ja wani ƙarfe. Hannun ya tashi sama daidai, amma sai ya zarce hagu, ya ɗauke rufin rumfar Inna Asibi mai suyar kifi, ya bar ta zaune gaban kasko da matsami a hannu, rana na dukanta.

Inna Asibi ƙanwar kakarsa ce, don haka da wasa a tsakaninsu. Ta ɗaga kai ta dubi rufinta yana lilo a sama, ta ce, "Maigidana, tun bara nake cewa ka ɗaga mini rumfar nan ta yi ƙasa. Ban ce ka kai ta wajen shirwa ba."

"Dama ta tsufa, amarya! Ta kwano zan yi miki!"

"Sauke mini wannan tukuna, ta kwanon ta same ta a ƙasa."

Ya sauke rufin a kan wani tulin koma da aka shanya, ya gangara kan siminti. Ya zura bokiti cikin laka, ya ja, ya ɗago. Gaskiya dai a faɗe ta, ɗiban nan ya yi kyau. Abin da kwando hamsin zai ɗauka, ga shi a tashi ɗaya. Mutane suka ce, "Kai!" Wani ma har da tafi.

Tafin nan shi ya jawo. Mainasara ya saki hannu ɗaya don ya amsa gaisuwa, gwiwarsa ta bugi wani ƙarfen. Katafila ta juya fir kamar mazari, bokiti ya buɗe baki, laka ta tashi ta sauka a kan sahun gaba na 'yan kallo. Wanda ya fi samun rabo shi ne Malam Garzali mai makarantar allo, wanda ranar ce ya fara sa sabuwar shaddarsa.

Malam ya tsaya cik, ya share ido da ɗan yatsa, ya ce a hankali, "Mainasara, mun sani daga ƙasa aka halicce mu, kuma cikinta za a mai da mu. Amma ba kai aka wakilta ba, kuma ba a ce yau ba."

"Gafarta Malam, iska ce!"

"Iskar tana cikin hular kwano," in ji Labaran.

Ɗiba na biyu bai zo da laka ba. Da kwale-kwalen Labaran ya zo, yana reto a haƙoran bokiti, ruwa na tsiyaya.

"Sauke mini jirgi, ɗan nema!"

"Duba maka ƙasansa nake! Ka gani, yana yoyo!"

"Da ba ya yi!"

Yanzu Mainasara ya fara jin dariya ta fi tafi yawa, ya ga in bai yi wani babban abu ba gwangwala za ta wuce shi. Ya dubi gefen kwata, inda laka ta shimfiɗu fetal, a bushe, har da tsage-tsage. Ya ce a ransa in ya sauka can ya juyo, zai sharo gangaren gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Abin da ya tsare masa hanya kawai 'yan karan dawa ne a jere. Ya nufe su.

Sarkin Ruwa ya miƙe, ya manta da gwiwa. "Kai yaro! Kada ka wuce kara!"

"Ranka ya daɗe, kara ai na masu kwando ne!"

Inna Asibi ta taso da gudu irin na tsofaffi, tana ɗaga matsami. "Tsaya, ja'iri! Nan marinar babana take kafin ruwa ya zo! Ramin rini goma sha biyu ne a wurin, kowanne ya shanye mutum biyu a tsaye. Laka ce kawai ta rufe bakinsu!"

"Amarya, wannan tan ashirin ce! A Abuja dutse take hawa!"

"Ai shi ya sa," in ji Labaran.

Katafila ta tattake karan ƙaras-ƙaras. Ta yi taku ɗaya lafiya, ta yi na biyu lafiya. Mainasara ya leƙo zai yi magana, sai aka ji ƙasa ta yi wani irin ajiyar zuciya. Ɓarin dama ya nutse. Katafila ta karkace kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu, ta tsaya.



"Da gangan ne!" in ji Mainasara. "Sauke ta na yi don hannun ya kai ƙasa sosai!"

Ya ba ta wuta. Sarƙar ƙafarta ta yi ta juyawa tana feshin taɓo, ɓarin hagu ma ya bi ɗan'uwansa. Sai dabara ta zo masa: ya kwashe lakar da ta riƙe ta. Ya shiga ɗiba daga gabanta yana zubarwa gefe, duk ɗiban da ya yi sai ta ƙara zama. A ɗiba na huɗu bokiti ya fito da wata irin laka baƙa mai shuɗi-shuɗi, mai warin da ya sa mata suka toshe hanci da mayafi. Mainasara ya ɗaga ta sama sosai don kowa ya gani, ya jawo ta kusa don shi ma ya gani, sannan ya taɓa ƙarfen da bai kamata ba. Gilashin gaba kuwa a buɗe yake, don ya buɗe shi tun farko saboda a riƙa ganinsa da kyau.

Da ya rarrafo ya hau kan rufi, ba abin da ake ganewa a jikinsa sai ido da haƙori.

Inna Asibi ta dafe ƙirji. "Allahu Akbar, shunin babana! Shekara hamsin a ruwa bai koɗe ba. Allah ya jiƙan maza."

"An rina," in ji Labaran. "Saura a kai shi wajen masu bugu."

Duk da haka bakin bai mutu ba. Daga kan rufi Mainasara ya shiga ba da umarni a kira Shamsu mai tarakta, wanda ke huɗa a lambun tumatir can gefe. Shamsu ya zo da sarƙa, ya tsaya a kan siminti ya ce a ɗaura ta a gindin katafila.

"A bokiti za a ɗaura!" in ji Mainasara. "Kai ka ja, ni in taimaka maka daga ciki. Haka muke yi a Abuja."

Aka jefa sarƙa aka ɗaura a bokiti. Shamsu ya ja, tarakta ta yi hayaƙi. Mainasara ya koma ciki ya taimaka. Hannun katafila ya naɗe kamar mai kai loma baki, ya jawo tarakta da baya, tana turjewa tana kuka, har ƙafafunta na baya suka bar siminti suka lume. Shamsu ya yi tsalle ya dira, ya bar takalmi ɗaya.

"Da ɗaya ce," in ji Malam Garzali. "Yanzu ta samu abokiyar hira."

Ana cikin haka sai ga wani Bafulatani, Ja'e, ya kawo shanu shan ruwa. Mainasara ya roƙe shi ya ɗaura manyan bijimai huɗu. Ja'e bai yi musu ba, ya kora su zuwa inda karan suke a da. Bijiman suka sunkuya suka shinshina ƙasa, suka yi huci, suka juya abinsu.

"Doke su mana!"

Ja'e ya rataya sanda a kafaɗa. "Aradu, shanuna ba su je Abuja ba, amma nan ba sa takawa."

Daga nan injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ruwa ya fara tsattsafowa daga ramin da Mainasara ya haƙa da hannunsa, ya kewaye katafila. Can kudu kuma, wajen duwatsun Doguwa, hadari ya haɗa baƙi ƙirin. Mainasara ya gwada saukowa, ƙafa ɗaya ta lume har cinya, ya zaro ta da ƙyar ya koma rufi. Muryarsa ta yi laushi.

"Labaran. Ɗan'uwana. Turo jirgi."

"Wanne? Wanda ka duba wa ƙasa?"

"To, yi wani abu mana!"

"Ce Yaya Labaran."

"Na girme ka da wata bakwai!"

"To zauna nan, babba."

Aka yi tsawa can nesa.

"Yaya Labaran!"

Labaran ya ɗaura igiya a ƙatuwar gorar su, irin wadda masunta ke kifa ciki a kai, ya wurga masa. Mainasara ya kwanta a kanta rub da ciki, maza shida suka ja. Haka ya iso gaban Sarkin Ruwa yana sulɓi a kan laka kamar tarwaɗa, hannu ɗaya riƙe da gora, ɗaya dafe da hular kwano.

Bai gama miƙewa ba sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, Muhuyi ya sauko da ledar naman suna a hannu, Barakatu na biye da shi a ƙafa. Muhuyi ya dubi katafila. Ya dubi tarakta. Ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.

"Wa ya tuƙa ta?"

Hannu ya fi ɗari da ya nuna.

"Yaya Mainasara? Kai da aikinka ɗaga jan ƙyalle a bakin titi kana tsai da motoci? Ni fa na yi maka hanyar aikin! Ko taya ba a bari ka wanke!"

Jama'a suka ɗauki salati. Wata mata ta ce, "Jan ƙyalle? Shekara uku?"

Mainasara ya tofar da laka, ya gyara hula. "To, ku tsaya. Da mai tuƙa katafila da mai tsai da ita, wa ya fi iko?"

"Yau dai ka tsai da ita," in ji Barakatu. "Ba mai musu."

Sarkin Ruwa ya buga gwangwala a ƙasa. "Dariya ta isa. Ruwan can in ya sauko rafi ya kawo, sai dai ɗan kwangila ya zo da fatsa. Gayya ta tashi daga gobe ta dawo yanzu. Labaran, ga sanda."

Labaran ya shiga yana zungura, ya sake kafa kara. Aka kawo damman kara da itatuwa da tsofaffin allunan jirgi aka shimfiɗa. Kwandon da aka raina shi aka ɗauko. Hadarin kuwa, Allah ya sa ya bi ta yamma bai zubar a kansu ba, amma aikin da aka saba gamawa a wuni ɗaya sai da ya ci yammacin Juma'a da Asabar da safiyar Lahadi. Labari ya kai Tiga da Ba'awa, mutane suka zo kallo, duk wanda ya zo kuma sai a miƙa masa kwando. Mainasara ma an ba shi nasa, ya ɗora a kan hular kwano yana gaya wa baƙi cewa shi ya gano ramukan.

"Babana ya haƙa," in ji Inna Asibi, "kai ka cika."

Da hantsin Lahadi aka fitar da tarakta, sannan Muhuyi ya tada katafila, ya dafa ƙasa da bokiti a hankali, ta hau kan itatuwa ta fito tana ɗigar shuni. Don ya wanke kunyar gidan yayarsa, ya tsaya a kan siminti ya share sauran lakar kwata tas, bai taɓa kara ko ɗaya ba.

Aka taru gindin darbejiya. Sarkin Ruwa ya miƙa wa Labaran gwangwala a gaban kowa, Malam Garzali ya yi addu'a, aka shafa.

Mainasara ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ni fa? In ba don ni ba, yaushe mutanen Ba'awa suka taɓa zuwa gayyarmu?"

Sarkin Ruwa ya shafa gemu. Can ya ce, "Gaskiyarka. Kuma ba a bar gwani ya zauna banza ba. Asibi, ba ni jan ɗankwalin nan." Ya ɗaura shi a kan kara ya miƙa masa. "Ramukan da ka buɗe suna nan baki sake har ruwa ya rufe su. Ka tsaya a wurin, duk wanda ya nufo ka tsai da shi. Wannan aikin an ce shekara uku ka yi kana koyonsa."

Aka zaci zai ji kunya. Ina! Karɓa ya yi da hannu biyu, ya gangara bakin laka, ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji. Labaran ya taho da gwangwalarsa zai duba kara, sai jan ƙyalle ya tashi.

"Tsaya! Wakili ko ba Wakili ba, sai na ba da hannu!"

Labaran ya tsaya, yana danne dariya.

Mainasara ya juyo wajen matarsa da ke tsaye a kan siminti. "Barakatu, kin gani? Har Wakilin Kwata sai da iznina!"

"Na gani, Baban Hanan," in ji ta. "Amma dubi ƙafarka. A bayan kara kake tsaye."

Ya duba. Idon sawu ya riga ya ɓace.

Nan na baro su, ana neman igiya.